Sakan Shida na Jar Motar Likita

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina yage takardar. Na farko don na ga rubutun nawa kamar sawun kaza, ni da ban wuce aji huɗu ba. Na biyu kuma Yaya ne ya leƙo ta kafaɗata, ya ce in na kuskura na sa zancen fararen layukan nan, ba ni ba shi. To, zan sa. Sai dai ya yi haƙuri.

Garejin Baba rumfa ce mai faɗi, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da benci da ya sha baƙin mai har ya ƙoshi, da allon katako da aka zana wa kowace sifana siffarta don a gane wadda ta yi ƙafa. Mu uku ne a ciki, Baba da Yaya da ni, Auta. Aikina shara, da wanke notuna a fetur, da miƙa abin da aka nema. Ina son wurin saboda injin ba ya yi wa mutum tambaya. In baƙo ya shigo, sai in nemi abin gogewa a bayan ƙofa. Akwai wani mai tasi da ya shekara biyu yana kawo mana mota kafin ya san ba bebiya ba ce ni.

Gwaggo, yayar Baba, tana da shagon ɗinki, kuma akwai keke ɗaya a ciki da babu mai hawa. Duk zuwan da za ta yi sai ta kama hannuna ta shinshina.

"Mace da ƙamshin fetur! Ƙanena, ba ni yarinyar nan."

"A bar ta tukuna," in ji Baba, "tana da amfani a nan."

Ba ɗinkin nake ƙi ba. Shagon ne, mata takwas, kowace da tambaya goma a bakinta. Don haka duk rayuwata tana rataye ne a kan wannan "tana da amfani".

Ranar wata Litinin sai ga jar mota ta shigo layinmu, gajeriya, mai kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Tafiya take a hankali har mai keke ya wuce ta. Wanda ya fito likitan haƙori ne, ɗan guntun mutum mai sanƙo, da ɗan littafin motar a hannu.

"Injiniya," ya ce da Baba, "littafin nan ya ce daga tsaye zuwa gudun ɗari ba ta cika sakan shida ba. Shekararta goma sha biyu yanzu. So nake ta koma ƙasa da shida."

Yaya ya ce, "Likita, kai da ke tafiya a arba'in?"

"Ni ba gudun zan yi ba, ɗana. So nake in san tana iyawa."

Ya zaro agogo mai igiya da maɓalli biyu, irin na masu horar da 'yan tsere, ya ce zai dawo Asabar da yamma. Baba ya dubi agogon, ya dubi tumbinsa, ya ce in shi ya zauna a ciki an ɗora wa motar buhu biyu ke nan. Sai ya rataya mini igiyar a wuya.

Bayan garejinmu akwai tsohuwar masana'anta da ta daina aiki, da titinta na kwalta, miƙaƙƙe sak daga ƙofar shiga ta gabas har zuwa wani babban tankin ruwa a yamma. Babu mai bi. Mai gadin abokin Baba ne, in dai za a gaishe shi da kyau zai buɗe.

Talata da safe muka yi awon farko. Yaya ne a sitiyari. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ba rana baya, don ya ce shi ba ya tuƙa motar mutane rana na dukan idonsa. Aikina in danna maɓalli da zarar ta motsa, in sake dannawa in allurar maleji ta taɓa ɗari. Ya taka totur injin ya yi gurnani, ya saki kuloci. Tayoyin baya suka yi ihu, kujera ta fizge ni, cikina ya koma baya ya bar ni. Ban san na yi dariya ba sai da Yaya ya ce, "Au, ashe kina da murya?"

Sakan shida da ɗigo shida. Na rubuta a ɗan littafina, na sa "safe" a gefe.

To, ga yadda aiki yake a garejinmu, kuma tun ina ƙarama haka yake. Baba ba ya son a sa masa hannu in yana cikin injin. Yana zuwa ƙarfe tara, ya yi aikinsa shi kaɗai har la'asar, a gwada, ya tafi gida ya miƙe bayansa. Daga nan mota ta zama ta Yaya har faɗuwar rana, kuma shi gwajinsa da sassafe yake yi, kafin Baba ya zo ya ce wa ya aike shi.

A ranar, Baba ya canja fulogi, ya juye baƙin mai, ya sa sabuwar matatar iska. Da la'asar muka koma titin. Yaya ya tuƙa har tanki, ya juyo ya ba rana baya, muka taso. Baba na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Nawa?"

Na nuna masa agogon, don bakina ya ƙi. Bakwai cif.

"Bakwai? Na sa mata sabbin fulogi ta ƙara nauyi?"

Da yamma Yaya ya kwance salansarta ya ɗaura wata mai faɗin baki da ya daɗe yana ɓoyewa a ƙarƙashin benci. Laraba da safe motar ta yi ƙarar da ta tashi duk tsuntsayen masana'antar. Shida da ɗigo huɗu. Yaya ya shigo gareji yana tafiya kamar ango.

"Tsoho, zamani ya canja," ya ce. "Mota numfashi take so."

"Numfashin gidanku," in ji Baba.

"Ai gidanka ne."

Baba ya wuni a rami yana gyara kuloci, ya sa sabbin tayoyin baya. Da la'asar, shida da ɗigo bakwai. Ya wanke hannu ya tafi.

A yammacin nan ne Yaya ya yi abin da ba ya so in rubuta. Ya samo fararen layuka biyu na roba, ya manna su tun daga hancin motar har bayanta. Ya kuma cire safaya taya ya bar ta wurin mai gadi, wai a rage kaya. Alhamis da safe agogo ya ce shida da ɗigo ɗaya. Yaya ya fito ya shafa layukan da tafin hannu, ya ce da ni, da gaskensa, "Suna yanka iska ne."

Baba ya daidaita iskar tayoyi, ya duba komai sau biyu. Da la'asar, shida da ɗigo shida.

Sai ya karɓi littafina, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ni kuma ina kallon takalmina.

"Shekara talatin da biyar ina wannan aiki," ya ce, "ban taɓa ganin leda ta ƙara wa mota gudu ba. Ruwa ba ya tsami banza. In ba injin ba ne, ba direba ba ne, to mai riƙe da agogo ne. Auta, ko dai kina taya yayanki, ko kuwa barci kike ji da la'asar."

"Yatsanta ne, Baba," in ji Yaya, don dai ya cire kansa. "Da yamma sanyi yake yi. Amma na safe daidai ne."

Ina da amsa, wallahi ina da ita. Ban taya kowa ba, kuma wa zai yi barci a cikin wannan mota? Amma sai na tsaya ina murza igiyar agogon. Baba ya miƙo hannu, na cire igiyar na ba shi.

"Ranar Asabar ni zan riƙe," ya ce. "Gwaggonki ta sake magana. Na ce mata Litinin za ki fara zuwa shagonta."

Juma'a babu gwaji, ana jiran Likita. Na yi shara, na wanke notuna, na share inda na riga na share. Da hantsi Baba ya ga but ɗin motar babu safaya, ya yi faɗa, ya ce in je in karɓo ta wurin mai gadi.

Na karɓa, na tsayar da ita a kan kwalta zan gara. A nan ne kukan da na riƙe tun jiya ya zo. Na saki tayar don in share ido da gefen ɗankwali. Da na buɗe ido babu taya. Ga ta can tana tafiya ita kaɗai, a tsanake kamar mai zuwa unguwa, ta nufi tanki.

"'Yar Injiniya, tayarki ta yi gaba!" in ji mai gadi.

Na bi ta da gudu, ita ma ta ƙara sauri. Ban kama ta ba sai kusa da tanki, da ta gaji ta kwanta a ciyawa. Na tayar da ita na juyo. To, dawowar ce ta buɗe mini ido. Turawa nake da hannu biyu, in na sassauta sai ta nemi komawa, kuma kafin in kai rabi sharaɓata ta fara zafi. A ido titin nan shimfiɗaɗɗe ne kamar tebur. Ƙafata kuwa ta ce hawa ne.

Na kwantar da tayar na zauna a kai, na buɗe littafina. Duk lambar da ke da "safe" a gefe ƙarama ce, duk mai "la'asar" babba. Da safe Yaya yana ba rana baya, ya fuskanci tanki, gangara ke nan. Da la'asar ya sake ba ta baya, ya fuskanci ƙofa, hawa. Duk aikin Yaya an gwada shi a gangara, duk na Baba a hawa. Su kuwa ba wanda ya taɓa taka titin nan da ƙafa, daga mota sai mota.

Da na bi na safe kaɗai, sai na ga suna sauka. Na la'asar ma suna sauka. Ashe motar tana ta samun lafiya ba mu sani ba.

Wani zai ce ai sai ki ruga ki faɗa. Na ruga. Na tarar da Baba da baƙi biyu, na ajiye taya na shige bayan ƙofa. A gida na kai masa shayi, na tsaya, ya ce, "Mene ne?" na ce, "Sukari ya ji?" Na je wurin Yaya, yana waya da abokinsa yana ba shi labarin layuka masu yanka iska. Gwaggo kuma ta aiko da almakashi sabo, wai nawa ne, in fara sabawa da shi.

Asabar da la'asar Likita ya zo a tasi, da farar hula da ruwan gora. Ya ga layukan ya ɗan ja da baya. Duk muka tafi titin. Ni an zo da ni ne don in riƙe ma'aunin iska.

Baba ya cusa kansa cikin motar da ƙyar, gwiwoyinsa na taɓa gaba. Yaya ya kai su tanki, ya juyo, suka taso da ƙara. Da suka tsaya Baba ya fito yana dafe da baya, ya nisanta agogon da idonsa.

"Shida da ɗigo takwas."

"Kwana biyar, Injiniya," in ji Likita a hankali. "Ta fi yadda na kawo ta nauyi ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ni na kai ta shida da ɗaya," in ji Yaya. "A mayar da tsofaffin fulogin kawai. Duk abin da Baba ya taɓa a kwance shi."

Na ɗauka Baba zai zage shi. Bai zage shi ba. Ya dubi hannuwansa, gaba da baya, ya ce, "Wataƙila hannun ne ya tsufa."

Wannan ce ban iya haɗiyewa ba. Na matsa gaba, na ce wani abu, ni kaina ban ji shi ba.

"Na'am?" in ji Baba.

Na sake. Iska kawai ta fito. Likita ya matso, ya karkata kai kamar yadda nake jin yana yi wa masu ciwon haƙori.

"Buɗe baki, 'yata. Ba zai yi zafi ba."

Na rufe ido na ce, "Yaya ya sa ta a furi, ya saki birki."

"Don me?" in ji Yaya.

"Yi abin da ta ce," in ji Baba.

Motar na tsaye a tsakiyar titi, hancinta na kallon ƙofa. Yaya ya kashe injin, ya cire giya ya sa ta a furi, ya ɗaga ƙafa daga birki. Da farko babu abin da ya faru, har na fara neman inda zan ɓuya. Sai ta motsa. Da baya, a hankali, taku ɗaya, taku biyu, tana ƙara sauri zuwa tanki, Yaya na ciki baki buɗe yana kallonmu muna yin nisa.

"Taka birki mana, kai!" in ji Baba.

Tunda bakin ya riga ya buɗe, sai na ci gaba kafin ya rufe. Na nuna littafin, na ce ga safe, ga la'asar, ga inda rana take, ga inda Yaya yake fuskanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshe. Baba ya bi lambobin da baƙin farcensa. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa har ya zauna a kan dutsen gefen hanya.

"Leda!" yake cewa. "Wai tana yanka iska!"

"Ni ma ai ban yarda sosai ba," in ji Yaya.

"Ka shafa su da hannu, Yaya," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Har mai gadi sai da ya dara.

Likita ya ce to a yi zuwa, a yi dawowa, a haɗa a raba biyu. Ya cire farar hularsa ya kifa wa Yaya don rana. Baba ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ungo. Lambobin nan sun yi wa idona ƙanana."

Hawa, shida da shida. Gangara, shida cif. Rabawa ta ba da shida da uku. Tunda yanzu ana sauraro, sai na ƙara da cewa duk tashin da muke yi tayoyin baya suna ihu wajen sakan guda muna nan a tsaye. Yaya ya ce ai ihun shi ne daɗin. Baba ya leƙa ta taga ya ce, "Ihu ba tafiya ba ne. Rage totur, ka saki kuloci kamar kana ajiye ƙwai." Sau biyu Yaya yana gwadawa kafin ƙafarsa ta yarda. A na uku motar ta tashi ba hayaƙi ba kuka, kawai ta tafi. Hawa, shida da huɗu. Gangara, biyar da takwas.

"Biyar da takwas!" Likita ya ɗaga gorar ruwansa sama. "Shi ke nan, Injiniya, a rubuta wannan!"

"A'a, ranka ya daɗe. Wannan gangara ce ta ba ka, ba ni ba. Auta, nawa?"

"Shida da ɗaya."

"Shida da ɗaya. Ka ba ni mako guda. Abu ɗaya za a riƙa canjawa, a yi zuwa da dawowa, a rubuta. Kuma gobe wannan salansar za ta sauka, kunnena ya gaji."

Likita ya yarda, ya ce layukan dai a bar su, matarsa za ta ji daɗin yi masa dariya.

A hanyar komawa gareji Baba ya rage tafiya har muka jera. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Na ce kin yi ha'inci," ya ce. "Ban kyauta ba."

Na ce ba komai, ina kallon ƙasa.

"Mako mai zuwa ina bukatarki, da wanda ke bayansa ma. Amma na riga na ce wa gwaggonki Litinin, ni kuwa tun ina ɗan shekara biyar ban taɓa cin ta a magana ba. In kina son zama, ke za ki faɗa mata da bakinki."

Washegari da safe na naɗe almakashin a takarda, na wanke hannuna sau uku, duk da na san ƙamshin ba zai fita ba. Na tarar an buɗe shago, mata huɗu sun riga sun hau keke. Ban tsaya a bakin ƙofa ba, don na san in na tsaya zan juya. Na wuce har gaban teburin yanka, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye almakashin kusa da hannunta. Kekunan duk suka yi shiru.

Na ce, "Gwaggo, na gode, amma ba zan zo ba. Ina da aiki."